Murya a Cikin Rudun Albasa

Alhamis da dare, Madawa

Yau dai na yi nasara. Sati biyu ina naɗar muryata ina karanta littafina don Inna, tunda idonta ya daina ganin rubutu, amma kullum sai ta ce, "Kai wai cikin rijiya kake magana?" Na sayi sabon mikro na ɗaukar murya, na yi ta taɓe-taɓe cikin ordinata, wato kwamfuta, har raina ya ɓaci. Ashe ɗakin siminti ne ke maido da muryar.

Da hantsi na je gidan Kawu Illa, na tarar ya sayar da albasarsa, rudun da yake ajiye ta wayam. Na leƙa ciki na yi magana, sai na ji kara da ciyawa sun shanye amon. Na kwaso kayana na shige. Kawu ya ce, "Ashe nan boko ya kawo ka?" Idona na ruwa, na karanta shafi shida.

Da la'asar Inna tana tsintar wake, ta ba ni baya. Na kunna mata ba ta sani ba. Sallamar farko na fitowa ta amsa, ta ce, "Shigo mana, mi kake yi bakin ƙofa?"

Har yanzu rigata warin albasa take yi. Ta yi ta yi.