Fuskar da Wayar Kalilu Ta Wanke

Zuwa ga Sakina, sanyin idona, inuwar da nake nufa idan ranar Jega ta tsaya tsaka, baƙar kyakkyawa mai sheƙin ƙasar fadama bayan ruwan farko.

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Jiya mai buga kalanda ya ba ni samfurin kalandar bikinmu, da hoton da kika kai masa. Sakina, wace ce wannan? Fuska fara fat kamar an tsoma ta a garin rogo! Ina ɗan tabon nan na ƙasan idonki na hagu? Ashe hoton wayar Kalilu, ɗan kawunki, kika zaɓa, kika ajiye wanda na ɗauke ki da kyamarata?

Ki tuna ranar Asabar, ƙarfe biyar da minti goma na yamma, a gonar albasar Baba a Aliero. Kin yafa farin mayafi, kina ta mita wai na shanya ki ina murɗe-murɗe. Minti shida ne, na duba agogo. Kin san abin da nake yi? Kyamara in aka bar ta da ra'ayinta, farin mayafin take gani, ta zaci haske ya yi yawa, ta rage shi, fuskarki ta nutse a duhu. Shi ya sa na cire ta daga otomatik, na saita komai da hannuna. Na bar ISO, wato ƙarfin jin haskenta, a ɗari biyu don kada hoton ya yi yashi-yashi. Na buɗe ƙofar haske zuwa huɗu. Na sa ƙiftawarta ɗaya bisa ɗari biyu da hamsin na daƙiƙa, saboda iska na kaɗa mayafin. Sau uku na gwada, sai da launinki ya fito yadda Allah Ya yi shi. Kalilu fa? Ya ɗaga waya ya danna, ta wanke ki tas!

Yau da safe na je Giwa Tazo, Innata ta ga samfurin. Ta kai shi bakin ƙofa, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambaye ni a hankali ko na fasa da ke ne na ɓoye mata. Matar da ke kiran ki ɗiyata ta kasa gane ki!

Hasken raina, wa ya ce miki kina buƙatar wanki? Wa ya taɓa raina hadarin damina don ya yi baƙi? Ranar Alhamis za a buga. Don Allah ki kira mutumin nan kafin la'asar ɗin Laraba, ki ce ya sa nawa. In kin ƙi, ba zan hana ba, zan ma raba kalandar da hannuna. Amma ba zan rataye ta a ɗakinmu ba, domin wannan farar ban san ta ba, ban kuma je gidansu neman aure ba.

Naki har numfashin ƙarshe, wanda ba zai ƙara miki haske ba, ba zai rage ba,

Habibullahi