Gilashin Waldar da Ka Rataye a Ƙusa

Zuwa ga Tartsatsina, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar zuciyata, mai kan da ya fi ƙarfen da yake narkarwa tauri.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, kada kalmomin da ke sama su ruɗe ka, da fushi na ɗauki biron nan. Ina son ka, wannan ba ya cikin abin da za mu tattauna. Amma wallahi ka kai ni bango.

Jiya da na tashi daga kemis na biyo ta shagonku. Na tsaya a tsallaken titi ina kallonka tsugune gaban wata taga, kana wannan dabarar taka: ka saita, ka runtse ido, ka ɗosana, wuta ta yi wal, ka buɗe ka duba. Gilashin waldar da na sayo maka kuwa yana rataye a ƙusa, ko ledarsa ba a ɓare ba. Kwana tara ke nan da likitan ido ya ce na hagu ya fara tabo, in ka ci gaba a haka nan da shekara biyu ba za ka bambance fuskar mutum ba. Ina wurin ya faɗa. Ka yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki, har da yi masa godiya.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ka shigo kemis idanunka jajur suna zubar ruwa, ka ce ji kake kamar an watsa maka yashi, a ba ka maganin ɗigawa, wai madarar da ka zuba ba ta yi aiki ba. Na ce madara a ido, sai ka ce jariri a ciki? Ka yi dariya ido a rufe, hawaye na bin kumatunka, ka ce muryata kaɗai ta rage maka rabin ciwon. Tun ranar zuciyata ta bi ka kamar tsuntsuwar da ta ga reshenta. Ni wawuya, na ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Ashe sana'a ce.

Duk lokacin da na yi magana amsarka a shirye take: ido na Allah ne, wanda ya bayar shi zai karɓa ranar da ya so. Haba masoyina, ni na ce maka na wani ne? Alƙiblarmu ɗaya, abin da kake karantawa a sallah shi nake karantawa. Amma wanda ya ba ka idon, ai da murfinsa ya ba ka, ya jera masa gashi, ya ɗora gira a sama don ko gumi kada ya shiga. Shi ya tsare kayansa haka, kai da aka ba ajiya kake kanga su a wuta kana ce mini tawakkali.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi magana ɗaya ta shiga kunnuwanmu ta fita da ma'ana biyu. Kai a bakin Dattijo ka fara jin ta, ubangidanka da ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinka, ya sa maka sana'a a hannu. Ka ji ta daga ƙaƙƙarfan mutum yana tsaye cikin tartsatsi, a shagon da ake yi wa mai sa gilashi kallon sabon shiga, sai ta zauna maka a matsayin jarumta. Ni a bakin Babana na ji ta. Tela ne, ka sani, hawan jinin ido ya kama shi, aka ba shi magani ya ɗiga safe da yamma, ya ajiye kwalbar a kan keke ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Shekara bakwai ina riƙe da hannunsa. "Tudu, Baba. Kwata, Baba. Ɗaga ƙafa." Mutumin da ke zura zare a allura yana hira ya koma laluben bakin kofi. Ya rasu bai san kamannina na girma ba, sai dai ya shafa fuskata ya ce na yi kumatu. Ban taɓa jin ya yi wa Ubangijinsa ƙorafi ba, amma sau da yawa na ji ya ce da ma ya ɗiga maganin nan.

Ba na ce imaninka ƙarya ne ba. Na ce akwai abin da ka cusa a cikinsa wanda ba nasa ba ne, kuma da bakinka ka faɗa mini, ranar da na matsa maka. Ka ce ba za ka iya rufe fuska a gaban Dattijo ba, shi da ya yi shekara arba'in bai rufe ba, don kamar ka ce masa ne ya yi rayuwarsa a kan kuskure. Wannan kunyar taka tana cikin abin da ya sa nake son ka. Ita ce kuma take neman makantar mini da miji saura wata uku aurenmu.

To ka ji abin da na yi, in za ka yi fushi ka yi. Yau da safe da kuka tafi kafa ƙofa, na je na sami Dattijo a bencinsa na bakin shago. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, ƙara na kawo, na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "Ashe ba ya sawa? 'Yar nan, ni ina na gan shi?" Ya ce shekara huɗu ke nan da ƙarar gudumarka da tarinka yake gane ka. Ya ce a zamaninsu ba ƙin gilashin suka yi ba, babu shi ne, ranar da ya fara riƙe shi a hannu idon ya riga ya tafi. Ya goge fuska da hannun riga, sannan ya ce in ka dawo zai ja kunnenka, in ya lalubo shi.

Yanzu ka faɗa mini, hasken raina, kunyar idon wa kake ji?

Na roƙe ka don girman wanda kake cewa ido nasa ne, ka sauke abin nan daga ƙusa ka ɓare ledarsa. Su yi dariyar, mako ɗaya za su gaji. Ranar Alhamis kuma za mu koma wurin likita, na riga na nemi izini a wurin aiki, kada ka ce mini akwai ƙofar da ake jira. Ba barazana nake maka ba. Da ido ko babu ido kai na zaɓa, kuma in ta kama jagora, babu macen da ta fi ni iyawa. Amma ba na so, Tartsatsi. Na yi sau ɗaya, na san nauyinsa. So nake in tsufa kana gani, ka tsokane ni da furfurar farko, ka ga 'ya'yanmu ka ce wannan hancina ne, ba sai an ɗora maka hannu a kai ba.

Za ka ga na yi rubutun manya-manya. Ba hannuna ne ya lalace ba. Ƙanwarka ta faɗa mini, bayan na sa ta rantse, cewa wata biyu ke nan ita take karanta maka saƙonnina idan idon ya tashi, kai kuma kana faɗa mata amsa. Idan da kanka ka karanto har nan, alhamdu lillahi, da sauran lokaci. Idan kuma ke ce, ƙanwata, kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayinsa. In kin gama ki miƙa masa takardar, ki ce ya nuna miki inda na sa hannu.

Taka, yau da gobe, har ranar da za a rufe nawa idon,

Mai kemis ɗinka.