Ɗakin da Mai Ƙararrawa Ya Bari

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Mata Masu Shara, Wanki da Kula da Ma'ajiya ta Hukumar Tantance Magunguna ta samu labarin rasuwar ubangidanmu, Babban Likita, Shehun Malami, tsohon Daraktan Sashen Ko-ta-kwana, wanda mu ma'aikatan ƙasan bene muka fi sani da Mai Ƙararrawa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Shekara ashirin da shida marigayi ya yi yana bincikar magani kafin a bari ya shiga kasuwa. Mu ba mu san abin da yake gani a ɗakin gwaji ba, amma mun sha ganin manyan mutane sun shiga ofishinsa da fara'a sun fito suna share gumi, domin maganin da bai gamsu da shi ba, ko wa ya aiko, ba zai sa hannu ba.

Shi ne ya ware ɗakin ƙarshen baranda ya cika shi da safar hannu, takunkumi, rigunan kariya, ledojin ƙarin ruwa da firjin allurar rigakafi. Kwalin da wa'adinsa ya kusa, a ɗiga masa jan fenti a tura asibiti. Sau ɗaya a wata kuma, babu sanarwa, sai ya kaɗa ƙararrawa, ko loma ce a bakinki ki ajiye cokali ki shiga rigar kariya cikin minti huɗu, yana tsaye da agogo. Mun yi masa tsaki a bayan ido, ni ce kan gaba. Yaya yake kirana, yana tsokanata wai kafin in sa takalmi cutar ta ci ta yi hamdala. Sai shekarar da amai da gudawa suka ɓarke: kafin rana ta take mun loda mota uku da kayan ɗakin, kuma ko ɗayarmu ba ta kamu ba.

Shi ya sa takardar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Karramawa ya aiko jiya ta ɗaure mana kai. Wai a kwashe kayan ɗakin zuwa rumfar motoci, a yi fenti, a jera kujeru, a kafa allo da sunan marigayi. Haba jama'a! Rumfar da rana ke duka har yamma, ko wurin jona firji babu? Ofis nawa ne a sama ba kowa ciki sai yanar gizo? Mutumin da ko hotonsa bai yarda a rataya ba, da wannan za a saka masa?

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida, wadda ta gaya mana cikin hawaye har akwatin maganin gida bai tsira daga jan fenti ba, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah Ya ba ku juriya, Ya tsaya muku.

Makullin ɗakin yana hannuna, marigayi ne ya danƙa mini, kuma tare da girmamawa ba zan miƙa ba. Za a kaɗa ƙararrawa cikin watan nan, ba za mu faɗi rana ba. Duk ɗan kwamitin da yake son karrama shi, rigar kariya tana rataye tana jiransa. Minti huɗu ne.

Sa hannu:
Yaya Mai Makulli
Kakakin Ƙungiya