Na Mayar wa Baba Butarsa

Zango, Wagadugu

Zuwa ga Yaya Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rokia da yara. Allah ya kare ku daga sanyin Faransa. Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiya, wadda ta zama tufafina. Ƙanwarmu Kausara ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, maganar Baba ce da ciwon mantuwar nan tasa. Na saurari saƙon muryarka har sau uku, inda ka ce masana sun gano wani sinadari a koren shayi da ke iya kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Ka ce a daina dafa masa ganyen har ya yi baƙi, a bar sukari, a riƙa jiƙa na 'yan jakunkunan da ka aiko. Na bi umarninka, har na ɓoye butar shayinsa da murhun gawayinsa. Amma dariya ta so kama ni. Mutumin da ya shekara hamsin yana shan koren shayi dahuwa uku kullum, shi za a koya wa amfaninsa daga Turai?

Na kai maganar wurin likitarsa. Ta ce binciken gaskiya ne, sai dai yawancinsa a kan ɓeraye da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji aka yi shi. Ta ce ko ya tabbata a jikin mutum, karewa ce ake fata, ba dawo da abin da ya riga ya tafi ba. Rage sukarin kam ta yarda da shi.

Wata biyun nan ban ji daɗinsu ba. In na miƙa masa moɗar sai ya sunsuna, ya ce ruwan wanke kwano na kawo masa. Su Malam Ɗantani, abokansa tun zaman Zangouettin kafin a rushe mana unguwa, da suke tahowa daga unguwar Cissin a kan babur, sun ɗauke ƙafa, tunda babu wuta babu hira. Baba ya koma zaman kallon bango. Ni ke masa wanka, ni ke binsa in ya fice neman tsohon gidanmu, ga kasuwa tana jirana. Wallahi na gaji, kuma na ji haushinka, gara in faɗa maka.

Ranar Juma'a na fito masa da butarsa. Yaya, da ka ga hannunsa! Mutumin da ba ya iya saka maɓallin riga ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya, kumfa ta tashi, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Don haka kada ka ƙara aiko da jakunkunan nan. Zan rage sukari, amma ba zan sake raba shi da wutarsa ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wannan. Ka san kafin ya zuba wa kowa yakan jera ƙananan kofuna biyar, ɗaya don kowane ɗa nasa, ko muna nan ko ba ma nan. Ranar Juma'a huɗu ya jera. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya gyaɗa kai cewa sun cika. Ban san wanene ya fita a cikinmu ba, kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ka gaida Rokia, da ɗan uwanmu Sagiru, da 'yar uwarmu Ni'ima. Ka nemi hutu ka zo, Yaya, tun kofunan suna huɗu.

Ƙanwarka,
Sauda