Amsar da Najaha Ta Soke

Matameye, ranar Lahadi

Sadisu,

Tun kafin gaisuwa ina gargaɗinka: kada ka sake tura wa ƴata Najaha forfe, kuɗin intanet ɗin nan na waya, kuma kada ka kira ta a ɓoye kana ba ta haƙuri a kaina. In ka yi zan sani, kuma ni da kai ne. Takarda na rubuto maka don na san halinka a waya, sai ka yi dariya ka ce Yaya ta fara, ka juya maganar. Ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da aiki, da zafin Yamai. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan sai godiya. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi wa kaji faɗa. Babansu ya je Tsauni ya dubo gona, an fara shara, ana jiran ruwa.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna da ka zo Sallar Layya ka sa wa yarinyar nan wasa a waya, darar nan ta Turawa da kuke kira eshek, ka ce zai buɗe mata kai a lissafi. Ban hana ba, don ni ma na yi kolej, na san ba kowane wasa ne shiririta ba. Kullum sai a jera mata ƴaƴan dara a wani tsari, a ce ta nemo motsin da zai kama sarki. Har Iya ta taɓa jin ta ce sarki ya mutu, ta saki carbi tana salati tana tambayar na wane gari. Wannan duk mun yi dariya ya wuce.

Abin da ban sani ba shi ne abin da take yi bayan ta ci. Wata rana na tsaya a kanta ina tsinkar zogale, na ga ta samo amsar, alama koriya ta fito, wato ta yi daidai. Maimakon ta ajiye waya ta zo ta taya ni, sai ta danna wani wuri inda injin wasan yake, ta mayar da ɗan darar da ta motsa, wanda suke kira doki, inda ta ɗauko shi, ta kai shi wani gida da ita kanta ta san kuskure ne. Injin ya rama, ta sake dawowa, ta gwada wani. Akwai wani ɗan layi fari da baƙi a gefe, yana hawa yana sauka, shi ta ƙura wa ido kamar mai duba ma'aunin zazzaɓi. Na ce ba kin riga kin ci ba? Ta ce ta ci, amma tana son ta ga abin da zai faru da ta bi wata hanyar. Sadisu, mutum ya isa gida lafiya, sai ya koma daji don ya ga yadda ɓata take? Ni ban ga hankali a nan ba.

Ka san bana take tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita ta bak kuma ta kusa. Ka kuma san ta riga ta maimaita aji shekarar da ta kwanta ciwo, saboda haka in ta faɗi, makarantarsu ta lise ba za ta ba ta wata shekarar ba. A makon jiya aka ba su sakamakon jarrabawar gwaji. Najaha, wadda ba ta taɓa sauka ƙasa da sha biyar cikin ashirin a lissafi ba, ta kawo mini bakwai. Mushe Manu, malaminsu na lissafi, da ƙafarsa ya zo gidan nan da takardarta ya shimfiɗa mana. Babbar tambayar, mai rabin maki, ta amsa ta daidai tun daga sama har ƙasa. Da ta ga lokaci ya rage, sai wata hanyar ta faɗo mata, ta ɗauki bik, wato biro, ta ja layi ta soke shafi guda cur, ta fara sabuwa. Tana tsakiya aka karɓe takardu. Na ga amsar da idona, tana nan a ƙarƙashin layin, tsaf da ita.

Mushe Manu ya ce a bak ta gaskiya mai duba takardu bai san ta ba, lamba kawai yake gani, kuma abin da aka soke ba ya karantawa. Amma sai ya ƙara da cewa hanyar da ta faro ta fi ta farko kyau, ba a ma koya musu ita ba, kuma in yi a hankali kada in kashe mata wannan ƙwazon. Na ce masa na gode, amma ba a ba da bak don hanyar da aka faro.

A ranar na karɓe wayar na kulle a akwatina. Na yi zaton kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Washegari na same ta bayan ɗaki ta zana gidaje a ƙasa, ta jera marafan kwalba da tsakuwa, tana motsawa tana mayarwa, ita kaɗai, tuwonta na gefe ya huce. Na yi mata faɗa iya faɗa. Na ce ilimi amana ne, wanda Allah ya nuna wa daidai ya riƙe ta ya gode, wasa da ni'ima rashin godiya ne. Ta bari har na gama, sannan ta ce mini, da ladabi kuwa, in ba ta ga dalilin da ya sa sauran hanyoyin suka lalace ba, gani take amsar da ta samu ma sa'a ce kawai, ba sani ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ina girki ina juya ta, ina salla tana faɗo mini. Ba ƙarya ta yi ba, amma gaskiyarta ba za ta zauna mata ɗakin jarrabawa ba. Babansu kuwa cewa ya yi mu yi ta addu'a, ya sa takalmi ya fita.

Iya ce ta warware mini. Tana zaune tana jinmu, sai ta ce ita dai darar da ta san maza na yi a gindin bedi, in mutum ya ajiye ɗa ya ɗaga hannu, shi ke nan, ko ubansa ne sarki ba ya mayarwa, ta tambayi Najaha ko Turawa ba su da wannan kunyar. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce suna da ita, har ta fi tamu tsanani: in mutane biyu suka zauna wasan gaske, ɗan da ka taɓa dole shi za ka motsa, in ka sake shi kuma ya zauna. Injin ne kaɗai ke barin mutum ya koma baya.

Ashe haka ne, Sadisu? Ka san wannan dokar, ka koya mata wasan, ka bar ta da injin da ba ya gajiya, ba ya cewa lokaci ya yi, ba ya karɓe takarda? Wata tara tana koyon cewa komai ana iya mayar da shi. Rabin wasa ka ba ƴarka, kuma rabin da ya fi sauƙi. Ban ce da mugunta ka yi ba, amma babba ba ya miƙa wa yaro abu ya hau mota ya tafi.

Ka gaida mini Anisa, ka ce na gode da sabulun da ta aiko. Ka shafa mini kan Ikrama da Jannatu. Iya tana gaishe ka, tana tambaya ko ka manta hanyar Matameye. Ka sa Najaha a addu'a, wannan kam ban hana ka ba.

Ni ce yayarka, Hajara, kuma ga dokar da na kafa a gidan nan, kai ma ta hau kanka. Waya tana akwatina har a gama bak. Wasa ban hana ba, amma da mutum za a yi shi, ranar Juma'a bayan la'asar, ita da babanta, wanda ta fara koya wa, ni kuma ina zaune, ɗan da aka taɓa shi za a motsa. A karatu kuma, amsar da aka rubuta da bik ba a soke ta. Duk wata hanyar da ta faɗo mata, ta riƙe ta a ranta har ta miƙa takarda ta fito, ta zo gida ta gwada a ƙasa, ni da kaina zan share mata wurin.