Bijimin da Ke Jan Jirgin Sifili

Nagoya, kakar 1943

Tome,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya jikoki?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Har yanzu a amalanke muke jan jiragen yaƙin nan zuwa filin tashi. Sifili ake kiransu, wai don shekarar fitowarsu, 2600 a lissafin sarautarmu, da sifili ta ƙare. Abokin aikina Sakuji ya ce, "Tsoho, jirgi ya fi iska gudu, amma sai bijiminka ya goya shi!"

Tome, bijiminmu Kuro da kika yi rainonsa tun yana maraƙi ya durƙushe a hanya ranar Talata. Dusa ta yi ƙaranci, kaya kuwa bai ragu ba. Na riƙe kansa har ya daina numfashi.

Bambaron da kika tara masa, ki ba maƙwabta. Igiyarsa zan kawo miki.

Kakanni su tsare ku.

Mijinki,
Genzo