Ragon da babana ya ba baƙo

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni direba ne a Garwa, ina aiki da wani kamfanin Turawa masu noman shinkafa. Asalinmu 'yan kasuwa ne, amma babana ya bar shago tuntuni ya koma wani ƙauye a bakin Binuwai yana noman albasa, har ya zama shi ne babba a unguwar Hausawa. Da gwamnati ta ba kamfanin fadamar ƙauyen, ba tare da an tambayi kowa ba, ni na kai manajan ya gaida dattawa. Baba ya yi abin da yake yi wa kowane baƙo, aka shimfiɗa tabarma, aka sha kunu, aka yi addu'a, da za mu tafi ya kwance ragonsa ya ba shi. Mutum ne da ko mai gyaran rediyo ya zo gidansa sai ya bi shi da kaza. Aka ɗauki hoto ana ta dariya.

Ba a jima ba suka kewaye fadamar da waya, har maƙabartar da mahaifiyata take ta faɗa ciki. Jama'a suka yi ta kai kuka, aka yi rikici, jandarmomi suka daki matasa, daga baya gwamnati ta soke izinin kamfanin. Mun ɗauka an gama. Ashe akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsu da tamu, wai in gwamnati ta taɓa jarin mutuminsu ba kotun Garwa zai je ba, ba ta Yawunde ba, wata kotu ce can ƙasar waje, kuma har ribar da bai kai ga samu ba yana iya nema. Mu da aka raba da gonaki ba mu da ikon kai ƙara can, na tambaya. Wayar kuma tana nan sai an yanke hukunci.

Ana cikin haka Baba ya rasu, da baƙin cikin ana nuna shi da baki wai shi ya sayar da fadama. Ya bar wasiyya a binne shi kusa da Inna, masu gadi suka hana mu shiga, a Garwa muka kai shi.

To yanzu lauyar kamfanin ta kira ni ofis, sai fara'a take kamar tare muka tashi. Ta ce abu ne kaɗan, zan zauna gaban kamara in shaida wa alƙalan cewa a al'adarmu in dattijo ya ba da rago aka shafa fatiha, to an amince ke nan. Ba ta ce za a kore ni ba, ta dai tambaye ni yara nawa gare ni, a wace makaranta suke.

Yayata ta ce in na faɗi haka na sa hannu a kan ƙaryar da ta kashe Baba, kada in ƙara taka gidanta. Matata kuma ta ce Baba ya riga ya tafi, yaranmu kuwa suna nan, kuma aiki a garin nan ba a tsintar shi a hanya. Mun kwana biyu ni da matar tawa ba ma magana. Lauyoyin gwamnati kuwa ko ƙauyen ba su taɓa leƙawa ba balle su ji ta bakinmu, kuma kun san ƙasar nan, wanda ya yi shaida a kan gwamnati ba shi da kwanciyar hankali.

Wallahi tsoro nake ji, kuma kunya ta fi tsoron. Na san ragon nan ba ciniki ba ne, karamci ne kawai, tun ina yaro nake ganin ana yi. Lauyar ta ba ni hoton in riƙa dubawa kafin ranar, Baba yana murmushi, ni kuma ina gefe riƙe da igiyar ragon.

'Yan uwa ya zan yi? In ƙi, in dawo gida ba aiki, ko in zauna gaban mutanen da ba su taɓa ganin babana ba in ce musu ya sayar da kabarin matarsa?